A Sa Alƙali Ya Yi Magana

Mahaifinmu, Agya Bempa, ya rasu a lokacin tsinkar koko. Aka yi wata tsinkar bayan wannan, har aka fara gyaran gona don ta gaba, yana nan kwance a ɗakin ajiye gawa na asibitin gunduma. Masu son binne shi ne suka yi yawa.

Asalinsa mutumin Asenua ne, can ƙasar Asante. Tun yana saurayi ya yi yamma, ya sare daji ya dasa koko, har wurin ya ci sunansa, ake ce masa Bempakurom. A nan ya zauna da mahaifiyarmu, Maame Fosuaa, a nan aka haife ni da yayana Antwi. A nan kuma, a bayan gida, gindin wani tsohon itacen lemo, aka binne babban yayanmu Nimo, wanda zazzaɓi ya ɗauke tun bai isa shiga makaranta ba. Agya ya sha gaya wa Maame cewa in ya riga ta, a sa shi kusa da yaron. Da baki ya faɗa, su biyu, suna zaune suna ɓare koko. Bai taɓa tunanin abu ne da ake rubutawa ba.

Bayan rasuwar sai ga ƙaninsa, Papa Gyamfi, wanda shi ne shugaban danginsu, ya zo da dattawa daga Asenua. Aka ba su ruwa, aka tambaye su abin da ke tafe da su kamar yadda aka saba. Suka ce sun zo ne a sa ranar da za su tafi da ɗansu gida.

Maame ta ce, “Wane gida? Nan ne gidansa.”

Papa Gyamfi ya ce, “Nan gonarsa ce, Fosuaa. Kin san abin nan kamar yadda na sani. Mutum na dangin uwarsa ne. Kun ci moriyarsa yana raye, yanzu ku ba mu abinmu.”

Antwi ne ya tafi kotu. Ya samo umarni cewa kada kowa ya taɓa gawar, mu ko su, sai an yanke hukunci. Ranar da ya dawo da takardar har kaza aka yanka. Muna ganin mun rufe wa mutanen Asenua ƙofa ke nan, ba mu lura da cewa har da mu aka rufe ba.

Shari'ar kanta ba ta ja ba. Maame ta ba da shaida, Papa Gyamfi ya ba da tasa, lauyoyi suka yi jawabinsu na ƙarshe, alƙali ya sa ranar hukunci. Ran nan muka yi sammako muka je, aka ce an ɗage. Muka koma, aka sake ɗagewa. Daga baya ma aka daina sa rana. In mun je sai magatakardan kotu ya ɗago kai ya ce, “Mai shari'a bai gama rubutawa ba. Za a neme ku.” Wasu suka ce alƙalin ba shi da lafiya, wasu suka ce aiki ne ya yi masa yawa. Amma muna ganinsa yana zama yana sauraron shari'o'in wasu. Har yau ban san abin da ya riƙe shi ba.

Matar da ba a binne mijinta ba, takabarta ba ta ma fara ƙirguwa ba. Maame ta zauna cikin baƙin zane, ba ta zuwa gona, ba ta zuwa bikin kowa. Wuri ɗaya take zuwa. Duk ranar kasuwar gunduma sai ta shiga motar haya, ta sauka a bakin asibiti, ta zagaya baya ta zauna a kan benci a ƙofar ɗakin gawa. Ba a barinta ta shiga, saboda umarnin kotun da mu muka nema. Sai ta zauna tana jin ƙugin injin sanyin ta cikin bango.

Ni ina koyarwa a wata makarantar firamare a garin da asibitin yake, don haka in an tashi nakan biya in raka ta tasha. Wata rana na zo ta bayanta ba ta ji ni ba, na tarar tana magana a hankali, fuskarta na kallon bangon.

“Ruwa ya yi yawa bana, baƙin ciwo ya kama kokon da ke gangare. Antwi ya yi feshi amma ya makara, ka san shi. Akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu. Kai da ko a watan zafi sai ka rufa da zane biyu, ga inda suka ajiye ka.”

Na tsaya har ta gama, sannan na yi gyaran murya. Ta juyo ta ce, “Konadu, kin zo? Mu je kada mota ta cika.”

A makon nan na nemi hutu na tafi Kumasi. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni sunan Lauya Amoakoa. Na same ta mace ce 'yar gajera, mai saurin magana, ofishinta a saman wani shagon sayar da taya. Ta karanta takardunmu ta ce in koma in zo da Maame da Antwi, don abin da za ta faɗa ba na saƙo ba ne.

Da muka zo ta ce, “Maame, akwai hanya guda. Ana zuwa Kotun Ƙoli a Akra a roƙe ta ta umarci alƙalin kotun da ke ƙasa da ita ya yi aikinsa. Sunan abin mandamus.”

Maame ta ce, “Shi wannan Mandamus ɗin ɗan wane gari ne?”

Lauyar ta yi dariya. “Ba mutum ba ne, umarni ne. Kuma ba a ba da shi da sauƙi, don manyan alƙalai ba sa son leƙa tukunyar ƙananansu. Sai mun nuna musu cewa abin da muke nema wajibi ne a kansa, ba ganin damarsa ba. Wannan ba wuya. Alƙalin da ya gama sauraron shari'a, doka ta ɗora masa ya yanke hukunci. Sannan sai mun nuna mun roƙe shi ya yi, ya ƙi.”

Antwi ya ce, “Ai takalmana sun shaida. Sau nawa muka je?”

“Kun je kun gaida magatakarda. Kun taɓa rubuta wa alƙalin cewa kuna neman hukuncinku?”

Antwi ya ce ba mu taɓa ba.

“To, za mu rubuta, mu ba shi lokaci. In ya yi shiru, shirun ma amsa ce. Abu na ƙarshe, sai mun nuna ba mu da wata ƙofa. Da ya yanke hukuncin da bai yi muku daɗi ba, da sai a ce ku ɗaukaka ƙara. Amma ba a ɗaukaka ƙara a kan abin da ba a faɗa ba.”

Maame ta gyara zama. “To su manyan, za su ce masa ya ba ni mijina?”

Lauya Amoakoa ta ajiye biron da ke hannunta. “A'a. Shi ya sa na ce a zo da ke. Za su iya cewa ya buɗe baki, ba za su iya gaya masa abin da zai faɗa ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, Maame, na karanta shaidun. Kotunanmu sun daɗe suna cewa gawa ta dangi ce. Abin da mijinki ya gaya miki, ke kaɗai kika ji. In alƙalin nan ya yi magana, na fi zaton Asenua zai ba.”

Muka hau mota muka juyo. Sai da muka isa gida Antwi ya fara.

“Ba za mu je ba. Mu ɗauki ƙafarmu mu je Akra mu roƙa a kayar da mu? Papa Gyamfi ya tsufa, dattawansa ma sun fara gajiya. Mu yi zamanmu. Wata rana su za su zo su ce mu binne shi inda muke so.”

Na ce, “Wata rana yaushe?”

“Ke dai kin ga lauya mai turanci kin ruɗe. Yanzu aƙalla yana kusa da mu. In suka tafi da shi, mota nawa Maame za ta hau kafin ta ga kabarinsa?”

Maame tana zaune a kan kujerar tsakar gida tana tsinke ganyen gwaza. Ba ta ɗago ba ta ce, “Antwi, ka taɓa zama a kan bencin nan?”

“Wane benci?”

“Ba ka taɓa ba. Ni na zauna. Ba kusa da ni yake ba. Ba ya wurina, ba ya wurin uwarsa, ba ya wurin Nimo. Yana cikin akwatin ƙarfe da lamba a ƙafarsa.” Ta zuba ganyen a kwano. “Ina son shi a bayan gidan nan fiye da yadda kake so. Amma in ba zan samu ba, a sa shi a ƙasa, ko ta wane gari ce. Konadu, ki gaya wa yarinyar nan ta rubuta.”

Aka rubuta. Lauya Amoakoa ta kai takardar da kanta, ta sa aka buga mata hatimi a kan kwafinta. Muka jira har lokacin da ta ɗiba ya wuce, ta sake rubutawa, shiru. Sannan ta haɗa takardun ta shigar a Akra, Maame ta dangwala yatsa a takardar rantsuwa.

Maame ba ta taɓa zuwa Akra ba sai a wannan tafiyar. Ba ta kalli komai ba a hanya, ko tekun da na nuna mata. Da muka shiga harabar kotun, mutum na farko da muka gani a zaune a barandar shi ne Papa Gyamfi, an aika masa da sanarwa tunda shari'ar ta shafe shi. Ya rame sosai, ga sanda a hannunsa, wadda da ba ya riƙewa. Tun ranar da suka ba da shaida ba su yi magana ba. Wurin zama kuwa babu sai kusa da shi.

Maame ta zauna. Can ta ce, “Mijina ƙarami, ashe kana raye.”

Haka take kiransa tun tana amarya, lokacin da yake zuwa hutu gona yana cinye mata fufu.

Ya ce, “Ina raye, matar yaya. Ke ce kika hana ni mutuwa. In na mutu yanzu wa zai yi rigima da ke?”

“Wannan sandar ta ado ce ko ta gaske?”

“Ta korar matan da ke kai ni kotu ce.”

Ta ɗan murmusa, abin da na daɗe ban gani ba. Sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Afra ta daina gani.”

Sewaa Afra ita ce babbar yayarsu, ita ta goyi Agya.

“Kullum da safe sai ta tambaye ni, an kawo Bempa? Ta ce ba za ta mutu ba sai ta yi masa wanka da hannunta. Kina ganin don in ɓata miki rai nake yi? Uwarmu tana kwance a can, an bar masa wuri a gefenta tun kafin ya san ki.”

Maame ta ce, “Ni ma ɗana yana kwance shi kaɗai.”

“Na sani. Ni na haƙa kabarin, ko kin manta?”

Aka kira mu ciki.

Alƙalai biyar ne a jere a sama. Da turanci ake komai, ni ina raɗa wa Maame a kunne da harshenmu. Lauya Amoakoa ta tashi ta fara bayani, ba ta yi nisa ba wata alƙaliya mai furfura a gira ta katse ta.

“Lauya, so kike mu gaya masa wanda zai ba gawar?”

“A'a, ya mai shari'a.”

“Madalla, don ba za mu yi ba. Ya taɓa cewa ba zai yanke hukuncin ba?”

“Bai taɓa cewa komai ba, ya mai shari'a. Abin da ya kawo mu ke nan. Mun rubuta masa har sau biyu, ga kwafin a gabanku.”

Wani alƙalin daga gefe ya ce, “Jinkiri daban, ƙi daban. Kowane alƙali a ƙasar nan yana da shari'o'i jibge a gabansa. In muka buɗe wannan ƙofar, gobe duk wanda aka ɗage masa shari'a zai cika mana nan.”

Ban fassara wa Maame wannan ba, amma ta kama hannuna, ta gane daga muryarsa.

Lauya Amoakoa ta ce, “Gaskiya ne, ya mai shari'a. Amma wannan ba ɗagewa ba ce, don ba a sa wata rana ba. Lokacin da doka ta ɗiba masa ya wuce tun bara. Ba mu da hukuncin da za mu ɗaukaka ƙara a kai. Ba za mu iya janye gawar ba, umarninsa ya hana. Ba fili ake jayayya a kai ba, wanda zai iya jira. Mutum ne, ga matarsa can cikin baƙi.”

Alƙaliyar ta juya wajen lauyan Papa Gyamfi ta tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya tashi, ya waiwayi Papa Gyamfi, tsohon ya girgiza kai. Lauyan ya ce ba sa adawa da roƙon.

Suka haɗa kai suka yi 'yar magana a tsakaninsu. Sannan alƙaliyar ta karanta gajeren umarni: alƙalin da ke riƙe da shari'armu ya yanke hukunci kafin wata ya ƙare.

Maame ta ce, “Me suka ce?”

“Sun ce dole ya yi magana.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Ta saki hannuna. Ta ce, “To.”

Alƙalin bai kai ƙarshen watan ba ya yanke hukuncin. Hukuncin bai fi 'yan shafuka ba, kuma abin da Lauya Amoakoa ta faɗa shi ya faru. Ya ce burin mamaci abin girmamawa ne, amma hakkin binnewa na dangi ne. Antwi ya fita tun kafin a gama karantawa. Lauyar ta ce yanzu muna da damar ɗaukaka ƙara in muna so. Maame ta ce a'a, ya isa.

A Asenua aka yi jana'izar, kuma ba a rage masa komai ba. Aka kafa rumfuna har bakin titi, aka buga manyan ganguna, mutanen Bempakurom suka cika mota biyu suka zo. Da aka shimfiɗe shi aka kira Maame ta gan shi. Sanyin ya canja shi, ya yi duhu ya ƙanƙance, sai da na nemi tabon adda da ke haɓarsa kafin zuciyata ta yarda. Ita ba ta nemi komai ba. Ta tsaya a kansa ta daɗe, ta gyara masa bakin zane a kafaɗa, ta ce, “Ka ga yadda ka wahalar da mutane.” Sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun farko.

Washegari muna haɗa kaya, aka ce Sewaa Afra tana kiran Maame. Na raka ta. Tsohuwar tana zaune a bakin gado. Ta laluba ta kamo hannun Maame, ta sa mata wani ɗan ƙulli na farin ƙyalle.

“Ni na yi masa wanka,” in ji ta. “Gashinsa ne da farcensa. In mutum ya mutu a nesa, wannan ake kawowa gida a binne, ya zama ya dawo. Gyamfi ya sani, shi ya riƙe mini almakashi. Ki kai wa yaron.”

Maame ta durƙusa ta kifa kanta a cinyar tsohuwar.

Da muka koma, Antwi ne ya haƙa ɗan rami a gindin lemon, duk da fushinsa bai gama sauka ba. Ba mu kira kowa ba. Maame ta sa ƙullin da hannunta, ta mayar da ƙasar da hannunta.

Bayan shekara ta cire baƙi ta koma gona. Ta je Asenua sau ɗaya, lokacin rasuwar Sewaa Afra, ta dawo da ciwon baya, tun daga nan ba ta sake iya doguwar tafiya ba. In an tambaye ta ina aka binne mijinta, takan ɗan yi jim kafin ta amsa, kuma ba kullum take ba da amsa iri ɗaya ba.

Kwanakin baya na je hutu, muna shanya koko ni da ita da Antwi, sai ta ce, “Ku saurara. Ranar da na mutu, 'yan'uwana za su zo daga garinmu su ce a ba su abinsu. Kada wanda ya je kotu.”

Antwi ya ce, “Maame, wa ya kawo maganar mutuwa ana aiki?”

“Ni na kawo. Ku bar su su tafi da ni da wuri.” Ta baza kokon da tafin hannunta, tana tsince waɗanda suka lalace. “Shi yana Asenua, ni ina garinmu, Nimo yana nan. Da na san haka za a raba mu, da na rage yi masa faɗa a kan bammi.”

Antwi ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta yi ba. Ta ce mu yi sauri, hadari yana haɗowa ta gabas.